Gwiwoyin Baba Durƙusau

Kullum da safe, kafin ya sa loma a baki, Baba Durƙusau sai ya naɗe gwiwoyinsa da tsumma. Matarsa ce ke yago masa tsofaffin zannuwanta, tana ɗaura masa tana mita: "Malam, zannuwana sun ƙare a gwiwarka. Ran da na rasa na ɗaurawa, wandonka zan saka." Sai ya yi dariya, ya saɓi jakarsa mai wuƙa da guduma da gwangwanin gam, ya nufi unguwar masu dogayen katangu.

Aikinsa shimfiɗa ciyawar roba, koriyar nan da masu hali ke sawa a bayan gida don 'ya'yansu su buga ƙwallo ba tare da sun leƙa titi ba. A durƙushe ake aikin, tun daga yanka har zuwa haɗa baki da gam, shi ya sa abokan aiki suka laƙa masa sunan. Da baƙin gashi ya shiga kamfanin, a nan ya yi furfura. Gidajen da ya yi wa aiki ba sa ƙirguwa, kuma yawancinsu ta ƙofar baya suka shigar da shi. Akwai inda karen gidan ke kwance a inuwa da kwanon ruwansa, shi kuwa rana ta dafa shi tun safe ba wanda ya ce masa ga ruwa.

Abin da masu gida ba su sani ba, ciyawar roba babbar makaryaciya ce. Rami ne, fasasshen kankare ne, ƙusa ce, duk sai ta lulluɓe ta fito kore shar a hoto. Saboda haka Baba ba ya miƙa fili sai ya tuɓe takalmi ya taka shi kaf da tafin ƙafa, sannan ya bi kowane haɗi da tafin hannu. Direban kamfanin ya ce sau da yawa suna cikin mota yana danna oda, tsohon ko a jikinsa. In samari suka tsokane shi cewa allura yake nema, sai ya ce: "Ƙafata ta fi ta yaro kauri. In ta ji abu, to ta yaro jini za ta yi."

A watan jiya aka kai su wani gida da aka rushe tsohon ginin tankin ruwa don a yi fili. Masu rusau sun tafi sun bar guntayen rodi a tsaitsaye cikin kankare, kowanne kamar ɗan yatsa. Manajan kamfanin, saurayi sa'an ɗan Baba, ya zo yana kaɗa makullin mota, ya ce maigidan gobe zai dawo daga tafiya, kuma kore yake so ya tarar.

"Baba, shimfiɗa kawai. Wa zai ɗaga ya duba?"

"Ranka ya daɗe, yaro ne zai duba. Da goshinsa."

"Ba shawara na nema ba. Ko ka rufe, ko ka ajiye mana aikinmu."

Baba ya san abin da maganar ke nufi. Ba shi da wata sana'a, ba mai ɗaukar tsoho, ga autarsa ba ta gama makaranta ba. Ya daɗe yana kallon rodin nan. Sannan ya yanki ɗan guntun ciyawa ya ɗora a kai, ya miƙe gwiwoyi na ƙara, ya nufi ƙofar kicin da aka hana ma'aikata kusanta, ya yi sallama. Da uwargidan ta fito, ya rusuna ya ce: "Hajiya, don Allah ki cire takalminki ki ɗan taka nan. A hankali."

Maigadin gidan yana wurin, shi ya ba da labari. Ya ce tana ɗora ƙafa ta ce wayyo, ta yaye ciyawar, ta ga abin da za a rufe wa 'ya'yanta. Nan take manaja ya washe baki ya ce ai dama yankewa za su yi, tsohon ne ya faye gaggawa. Baba kuwa ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba yashi ya daddaɓe, ya sa katifar roba, sannan ya shimfiɗa ciyawar. Washegari da ya je kamfani, ta ƙofar ƙarfe aka miƙo masa jakarsa, aka ce ya tsufa, ya je ya huta.

Ya huta! Ku ji rashin kunya. Kun cinye gwiwoyin mutum, sai ran da ya ƙi yi muku ƙarya kuka gano ya tsufa? Har yau hotunan filayen da ya shimfiɗa ne a bangon ofishinsu, da su suke jawo masu saye. Ita ma Hajiyar ban yafe mata ba. Waya ɗaya ta ishe ta ta ce a mayar da shi, amma ko sunansa ba ta tambaya ba. Raina ya ɓaci da su duka, kuma ba zan ɓoye ba.

Baba, kai ne mai gyara inda ido ba ya kaiwa. Kai ne ka yi wa 'ya'yan wasu abin da za ka yi wa jikokinka, alhali iyayensu ba sa amsa gaisuwarka. Durƙusau, ba don tsoron kowa ka durƙusa ba.

Kwanakin baya maigadin ya je duba shi, ya tarar da shi a ƙofar ɗaki, matarsa na gasa masa gwiwoyi da ruwan zafi. Ya ba shi labari cewa ƙaramar 'yar gidan ta bi ƙwallo a guje, ta kife rub da ciki daidai inda tankin yake a da, ta tashi tana ƙyalƙyala dariya.

"Ko ƙwarzane?" in ji Baba.

"Wallahi ko ƙwarzane."

"To, madalla." Sannan Baba ya sassauta murya don kada matarsa ta ji. "Ɗan'uwa, in ka ji inda ake neman maigadi, ka tuna da ni. Yanzu zama na fi iyawa."

Mun gode, Baba. Allah ya saka, ya buɗa maka inda ba ka zata ba. Masu sana'a kuma, ga wanda za ku bi: kada ku rufe abin da kuka san zai fasa goshin ɗan wani. Ku kuwa masu dogayen katangu, wani cikinku yana buƙatar mutum mai amana a ƙofarsa. Ga shi can zaune, kuma autarsa na jiran komawa makaranta.