Turaren likkafanin Inna

Turaren a ƙaramar kwalba yake, da hoton farin fure a jiki. In an buɗe, da farko yakan hau hanci da kaifi, sai ya kwanta ya koma kamar furen lalle bayan ruwan sama. Yana kama tufa, ko an wanke ba ya fita da wuri.

Inna, mahaifiyata, ta saye shi a kasuwar Jega shekarar da aka ba mu jiha. Ba ta taɓa shafawa ba. Ta ajiye shi a akwati kusa da likkafaninta, ta ce da shi za a sallame ta.

Lokacin na fara koyarwa a wata firamare a Maiyama. Gidanmu a Aliero kuwa gidan albasa ne, har zannuwanmu warinta suke. Wata malama ta taɓa tambayata ko miya na zubar a jikina. Ni da ba na son raini, washegari na buɗe akwatin Inna. Ɗigo biyu a gyale, na mayar da ruwa madadinsu. Na ce in albashi ya zo zan sayo sabo. Yau da gobe ba ta bar komai ba; kafin damina turaren ya yi fari-fari.

Da na je Jega, tsoho mai turaren ya juya kwalbar a hannunsa.

"Wanga? An daina kawo shi, ɗiyata. Ko Sakkwato kinka tahi ba ki samu."

Na zagaye rumfuna duk da haka, na shinshina har kaina ya yi ciwo. Na mayar da kwalbar, ban sake taɓawa ba. Ban kuma faɗa wa Inna ba, tsoro nake ji.

Bayan wata biyu ta rasu. Gwaggo, yayar babana, ita ta yi mata wanka, ina zuba ruwa. Ta shimfiɗa likkafanin, ta yayyafa turaren, ta kai yatsa hanci.

"Ruwa ne," ta ce a hankali. "Sun cuce ta a kasuwa, baiwar Allah."

Kunya ta hana ni ko kuka. A ɗakin nan, gyalena ne kaɗai ke ƙamshin furen lalle.