Gaisuwa Daban, Labari Daban

Ragon lakwal ne ya fara koya mana darasin, ko da yake shi bai sani ba, don a lokacin ya riga ya mutu.

A shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai, lakwal ɗin Gure, wato makarantar boko, ɗaki ɗaya ce ta laka, da malami ɗaya da muke kira Mushe, mutumin Damagaram, dogo, mai yawan tambaya kamar alƙali. Ni daga Kelle aka kawo ni, ba da son Baba ba, aka ajiye ni gidan ƙanwarsa, Gwaggo. Baba ya yanke magana tun ranar farko: in na gama lakwal ban samu aiki a Gure ba, in koma in karɓi sandar kiwo. Da farko na yi ta addu'ar ranar ta zo. Daga baya na ga kasuwa, na ga raƙuma suna sauke kaya daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, sai sandar nan ta zama abin da na fi tsoro a duniya.

Lakwal tana da garka a can cikin kwari, da rijiya, da rago ɗaya da 'yan tumaki, kowane ɗalibi da abin da aka damƙa masa. Wata shekara kurkunu ya fito wa Mushe a ƙafa, ya kasa taka ƙasa. Ana ɗauko shi a ajiye bisa kujera, ya miƙe ƙafar a kan turmi, ya yi mana karatu. Kowace safiya sai ya tambaya. Ya garka? Lafiya lau, Mushe. Ya rijiya? Lafiya lau. Ya rago? Mai kula da rago, wani ɗan Bune mai sanyin murya, ya ce da sauƙi.

Ranar da ƙafar ta warke, ya dogara sanda ya gangara kwari, muna biye da shi a jere, ba mai ko tari. Awakin unguwa sun cinye garka har ƙasa. Bakin rijiya ya rufta. Fatar rago tana rataye a reshen aduwa, ta bushe ƙayau.

Mun jira bulala, ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallon fatar, sannan ya juyo ga ɗan Bune.

"Ranar da ya mutu, me ka ce mini?"

"Na ce da sauƙi, Mushe."

"Me ya hana ka ce ya mutu?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Kana jin jiki, Mushe. Ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan."

Na lura Mushe bai ji haushi ba, mamaki ya yi, irin na wanda ya tarar da abin da ya daɗe yana nema a cikin aljihunsa. Ya ce ya san ba ƙarya muka yi masa ba, ladabi muka yi, kuma shi ma haka aka rene shi. Amma ya yi aikin biro, wato ofis, a Damagaram kafin ya zama malami, ya ga yadda ake korar mutane. Ya ce ba kasafai ake korar mutum don abu ya lalace ba, kaya dama lalacewa suke. Wanda ake kora shi ne wanda ya sani ya yi shiru har ɓarnar ta girma. Ko kumandan ne, ko lokotoron asibiti, ko attajirin kasuwa, duk wanda zai ɗauke ku aiki ba ya iya zama a ko'ina, idonku ne idonsa.

"Da kun faɗa mini ranar da akuya ta fara shiga," in ji shi, "da ƙaya kaɗan ta ishe mu."

Daga ranar aka ƙara mana wani darasi da ba ya cikin littafin Nasara. Kowace safiya, kafin lissafi, sai kowa ya kawo wa Mushe mugun labari guda. Bai yarda a taɓa gaisuwa ba. Za ka durƙusa ka gaida shi har ƙarshe, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ce lafiya, kai ma ka ce lafiya. Sai ka ce, na zo da labari. Daga nan kuma babu kewaye-kewaye: ka faɗi abin da ya lalace da lokacin da ka gani, ka faɗi abin da ya rage da kyau, in akwai abin da ka riga ka yi a kai ka ƙara. Idan ka fara da "wato dai, Mushe, kamar dai," sai ya ɗaga hannu ya ce ka koma waje ka sake sallama. Abu ɗaya ya ƙara jaddadawa, kada ka kwance wa mai gida zani a gaban baƙinsa, ka jira su tashi.

Ban taɓa jin daɗin wani darasi kamar wannan ba. Ni dama mai leƙe-leƙe ne, Gwaggo takan ce idona ya fi cikina yunwa. Yanzu ga shi an ba ni izini. Na shiga duba gindin katanga, da ƙasan randa, da igiyar guga inda take cin bakin rijiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ashe komai yana sanarwa kafin ya lalace, mu ne ba ma tsayawa mu ji. Har mugun labari ya yi ƙaranci a lakwal, muka fara musaya, in ba ka tsagewar allo ka ba ni ɓeran rumbu.

Na gwada a gida sau ɗaya. Na gaida Gwaggo tsaf, na ce na zo da labari, shaho ya ɗauke ɗan tsakonki mai ja ɗazu da hantsi, saura suna nan, na kife su da kwando.

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Wannan ne abin da ake koya muku? Ba ka iya cewa, Gwaggo, kin ga mai jan nan kuwa yau?"

Na daɗe ina juya maganarta. Hanyarta ma tana kai mutum ga labarin, sai dai tana barinsa ya taka da ƙafarsa. Na tambayi Mushe wace ce daidai. Ya ce ɗan tsakon da shaho ya ɗauka ba ya dawowa, don haka Gwaggo tana da gaskiya, babu gaggawa. Tamu ta abin da ake iya cetowa ce. Na karɓi amsar, amma ba ta cika mini ciki ba.

Da na gama lakwal babu gurbi a biro. Mushe ya kama hannuna ya kai ni wurin wani attajiri ɗan garinsu, mai kanti a bakin kasuwa da mangaza a bayansa, ɗakin ajiyar kaya ke nan. Mutum ne mai ƙiba da gajeren haƙuri, ba ya son 'yan lakwal, ya ce mun iya tsayawa ƙiƙam a gaban manya. Don darajar Mushe ya yarda in zauna daga farkon damina zuwa kaka, ya gani. In bai gamsu ba, ga hanyar Kelle nan.

Damina ta yi nisa lokacin da na ga abin. Ina shara a mangaza, halina na leƙe ya sa na cusa kai bayan dilolin alawayyo da aka jingina da bango. Wata siririyar hanyar jar ƙasa ta taso daga daɓe ta shige cikin dilar ƙasa. Na sa yatsa, yadin ya ruguje kamar tsohon ganye. Gara ce.

Na ruga wurin babban baran gidan, dattijo mai kirki wanda ya girmi Maigida. Bai ko tashi ba.

"Na gani tun tuni, yaro. Rufe bakinka. A gidan nan wanda ya faɗa shi ya jawo. Bari ya gani da idonsa, sai a ce ƙaddara ce, kowa ya huta. Kai da ake gwada ka, ina ruwanka?"

Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, tausayina ya ji, kuma ya fi ni sanin Maigida. Na ji tsoro sosai. Na ga kaina a bayan awaki, ina ba su labarin raƙuman Gure. Amma kuma fatar ragon nan ta ƙi barin idona, kuma na ga dilolin sama lafiyarsu lau, yau dai.

Maigida yana zaune bisa buzu da baƙi. Na jira har suka tashi. Na durƙusa na gaida shi, ya amsa da hanci. Na ce na zo da labari. Gara ta shiga alawayyo ta jikin bango, dilar ƙasa ta tafi, ta kusa da ita an fara, na sama ba a taɓa ba, na janye waɗanda ƙarfina ya iya.

Ya yi faɗan da har masu kanwa a tsallaken hanya suka miƙe suna kallo. Ya ce ƙafata ce ba ta da albarka. Amma yana faɗan yana tafiya mangaza, kuma kafin la'asar an fito da kayan duka rana, an jera duwatsu an ɗora su a kai. Bai ce mini sannu ba. Ya daina yi mini magana gaba ɗaya, ni kuwa na naɗe tabarmata na ajiye a bakin ƙofa ina jiran sallama.

Kaka ta zo, aka yanke gero, ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in zauna. Sai wata safiya na durƙusa zan gaida shi, ya katse ni.

"Ɗan lakwal, me ya lalace?"

Washegari ma haka. Na je na tambayi Mushe ko wannan zagi ne ko ɗauka aiki. Ya yi dariya har da tari, ya ce in lura ko yana yi wa wani wannan tambayar. Na lura. Kowa a gidan ana ce masa ina kwana, ni kaɗai ake ce wa me ya lalace. Na warware tabarmata. Na aika wa Baba cewa a ba ƙanena sandar.

Ba zan ce abin ba shi da ciwo ba. Na zama mutumin da in ya doso, fuskoki suke canzawa. Matan gidan suka sa mini suna mai gara. Na saba, har na riƙa jin wani ɗan alfahari.

Shekaru kaɗan bayan haka, wani madugu ya iso daga Damagaram da hantsi. Muna sauke kaya a bayan mangaza ya rage murya ya gaya mana, ni da babban bara, cewa mahaifiyar Maigida ta rasu, an binne ta tun kafin su taso. Babban bara ya yi abin da ya dace, ya kira liman da dattawan unguwa. Suka zo suka zauna a ƙofar kanti, suka yi maganar ruwan bana, suka yi maganar tsadar goro. Can liman ya ce an ce jikin tsohuwa ya ɗan matsa, ya kamata Maigida ya leƙa gida.

Maigida ya miƙe da sauri ya ce a ɗaura wa doki sirdi. Ya shiga kanti da kansa ya zaɓo baƙin zane mai sheƙi, irin wanda take so, ya ce a ƙunsa mata goro fari, ita ba ta cin ja. Yana naɗe zanen sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi liman, ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa na kan tabarma.

"Ku kira mini ɗan lakwal."

Ina bakin ƙofar mangaza, na ji. Na fito na durƙusa a gabansa. Babban bara yana girgiza mini kai a hankali. Na tuna Gwaggo da ɗan tsakonta, na tuna Mushe ya ce tamu ta abin da ake iya cetowa ce, nan kuwa babu abin ceto. Ga baƙi kuma a zaune. Duk abin da aka koya mini ya ce in yi shiru, amma mutumin nan bai kira ni don in yi shiru ba.

Wannan karon bai katse gaisuwar ba. Ya bar ni na yi ta har ƙarshe, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, yana amsawa lafiya, lafiya, da zanen a hannunsa.

"Maigida, na zo da labari."

"Ina jin ka."

"Allah ya yi wa Inna rasuwa. An yi mata sutura tun kafin madugu ya taso. Ya ce ba ta sha wahala ba."

Liman ya fara salati, dattawa suka amsa. Maigida ya koma ya zauna bisa buzu a hankali. Ya daɗe yana shafa zanen da tafin hannunsa, sannan ya miƙo mini.

"Mai da shi wurinsa," ya ce. "Ka ɗora a sama, kada gara ta taɓa."