Damin Geron Baba Oluwole

Shekara ashirin da takwas Baba Oluwole ya yi yana koyar da ilimin halittu a kwalejinmu da ke Azare. Farfesa ne, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da haka ba, sai dai Baba. Mutumin Kudu ne, ya zo da ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura. Hausarsa kuwa har ya tafi ba ta miƙe ba, mace ya ce mata "kai", namiji ya ce masa "ke", mu yi ta dariya shi ma yana taya mu. Ni Hammawa ɗalibinsa ne, daga baya na zama malami a sashensa.

Baba ba ya son allo. Da an yi ruwan farko zai kwashe aji ya kai mu bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya sa mu durƙusa muna kallon ciyawa. Wanda ya ce ciyawa ce kawai, ranar ya shiga uku, sai ya faɗi sunanta da Hausa da Fillanci kafin Baba ya ba shi na boko.

Shekara biyar kafin ritayarsa, wani tsoho mai suna Maigida, a wani ƙauye gaba da Giade, ya ba shi tafi ɗaya na wani gero. Gajere ne, ƙwayarsa ta yi ja-ja, kuma yana nuna da wuri ko damina ta yi gardama. Mutanen ƙauyen sun daina shuka shi, tsohon kaɗai ya rage, shi ma bai sake ganin wata damina ba. Baba ya koma ƙauyen har sau uku neman ƙari, bai samu ko zangarniya ba. Tun daga nan ya ɗauki geron nan kamar jariri. Shekarar farko tsuntsaye suka cinye rabi. Ta biyu ruwa ya kwanta a fegin. A daminar 2006, ta ƙarshe kafin ritayarsa, ya juye duk irin da ya adana a gwangwani ya shuka, Allah ya taimaka ya samu dami guda cif. Ya rataye shi a sito, ya ba ni mabuɗi, ya ce ranar bikin sallamarsa zai raba wa ɗalibai 'ya'yan manoma, don gero ba ya yi a garinsu.

Ana jibi biki aka tura ni Bauchi sayo masa agogon bango. Agogo, ga mutumin da ya gama da zuwa aiki! Malam Jalo, shugaban kwamitin bikin, ya ce in bar masa mabuɗin sito zai fitar da kujeru. Na ba shi. Ban ce masa komai game da damin ba, kuma wannan shirun nawa yana ci na har yau.

Na dawo da safiyar bikin, na buɗe sito, sai igiya kawai tana reto. Na sami Jalo yana jera kujeru, fuskarsa fal murna.

"Malam Jalo, ina damin Baba?"

"Yi shiru, kada ka ɓata mana shiri," in ji shi. "Na ce kowa lemo yake rabawa a biki. Mu kuwa furar geron da ya noma da hannunsa za mu ba shi. Tun shekaranjiya na kai wa Ya Fanna."

Ya Fanna ita ce dattijuwar da ke sayar da fura a bakin ƙofar kwaleji. Kullum da azahar wurinta Baba yake zama. Shi ya kai 'yarta asibiti a motarsa lokacin da haihuwa ta zo mata da wuya, ita kuma ba ta manta ba. Na hau babur na tafi gidanta kamar mahaukaci. Na tarar an sussuke, an surfe, an daka, an dafa, ga fura an mulmula ta cika ƙwarya uku. Na dubi gindin turmi, kaji sun share wurin tas. Ƙaiƙayin ma an zuba wa awaki.

"Yaro, ka ga kyanta?" in ji ta. "Ko sisi ban karɓa ba. Na Baba ne."

Na ce ta yi kyau. Me zan ce?

A wurin biki aka yi ta jawabai, wanda bai taɓa gaishe shi ba ma ya tashi ya ce uba ne. Na so in ja Baba gefe, amma yana kan babban tebur tsakanin manya, sanye da babbar rigar da muka ɗinka masa. Can Jalo ya karɓi lasifika ya ce akwai wata tsaraba ta musamman. Ya Fanna ta fito da kanta, ta ci ado, ta durƙusa ta miƙa masa kofi.

Baba ya dubi furar, ya ga launinta. Ya kurɓa sau ɗaya. Sai ya ɗago ya neme ni cikin jama'a, idonmu ya haɗu, na sunkuyar da kai. Jalo na ta bayani a lasifika, mutane na tafi. Baba ya sake duban kofin. Ya Fanna tana durƙushe tana jiran abin da zai ce.

Ya shanye tas, ya miƙa mata kofin.

"Ya Fanna, ka iya fura," ya ce. "Ƙaro mini."

Hawaye suka zubo masa, kowa ya ɗauka na rabuwa ne. Lokacin jawabinsa ya yi godiya a taƙaice, bai ambaci rabon iri ba, ya zauna.

Bayan kwana huɗu na raka shi tasha. Sai da aka ɗaure kayansa a saman mota ya kama hannuna.

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba. Laifina ne."

Ya girgiza kai. "Kada ka gaya wa Ya Fanna. Jalo ma ƙyale shi."

Damina biyu na yi ina zagaya ƙauyukan Giade da Dambam da babur ina tambayar geron. Tsofaffi su ce sun san shi, iyayensu sun noma, amma yanzu babu. Baba kan bugo waya in an yi ruwan farko, ya tambayi kowa da sunansa, bai taɓa tambayar gero ba.

Ya Fanna na nan a bakin ƙofa. Duk sabon ɗalibin da ya zauna shan fura sai ta ba shi labarin ranar da Baba ya sha tata har ya yi kuka, ya nemi ƙari. In ina wucewa takan kira ni shaida.

"Malam Hammawa, ba a gabanka aka yi ba?"

In ce mata, "A gabana aka yi, Ya Fanna."