Kwalaben Lazhar a Firjin Naziha

Shekara ashirin da biyu Ammi Lazhar, wato Kawu Lazhar, yana aiki a matatar ruwan ƙazanta ta bayan garin Sfax, har hancinsa ya yi ritaya ya bar shi a bakin aiki. Duk abin da mutanen gari suka haɗiye a ɓoye, ta gabansa yake wucewa.

Da Dakta Sihem ta jami'a ta fara auna ruwan don gano yawan ƙwaya da wiwi da ake sha a garin, shi ta damƙa wa ɗiba. Kullum kwalba ɗaya, a rubuta rana, a sa a sanyi nan take, don in ta ɗumama awon ya tashi a banza. Ruwan ba ya kama sunan kowa, jimillar gari yake faɗa. Wannan ya kwanta wa Lazhar, shi ba mai tonon asiri ba ne.

Makon Babbar Sallah Dakta ta fi ƙwallafa wa rai. Ranar layya kuwa firjin matatar ya mutu, jami'a a rufe, mai gyara yana ƙauyensu yana fiɗa. Lazhar ya jera kwalabe huɗu a kwando ya nufi gida.

Matarsa Naziha ta tare ƙofar kicin, firjinta maƙil da rago.

"Mene ne wannan, Si Lazhar?"

"Ilimi ne."

"Na san inda kake aiki fa."

"A toshe suke, 'yar halak. Leda uku-uku na sa musu."

"Ko ɗari ka sa. Bayan gidan garin nan kaf, kusa da haƙarƙarin ragona?"

"Har da na gidanku a ciki. Ba baƙi ba ne."

Ta harare shi. Ya sassauta murya ya ce shekara guda Dakta, baiwar Allah, tana jiran makon nan, in kwalaben suka lalace sai baɗi.

Naziha ta ce su da namanta dai ba za su zauna wuri ɗaya ba. Ta kwashe naman tas, ta yanyanka, ta murje shi da gishiri da tafarnuwa da barkono. Kaddid, busasshen naman da takan yi da cinya ɗaya, bana rago sukutum ya tafi. Lazhar aka ɗora wa shanya a saman soro da korar kyanwoyi, kwana huɗu, da tsintsiya a hannu.

Da aka buɗe jami'a ya kai kwalabe bakwai cif, har da ukun da ya ƙara ɗiba bayan layya. Dakta Sihem ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, sanyi ƙarara, ta tambayi wanda ya gyara firjin matatar.

"Ba a gyara ba tukuna," in ji shi. "Kina cin kaddid? Muna neman masu taya mu."