Gaurakin Wadi Fadima

Wata safiyar Juma'a a ƙarshen zafi, farkon shekarun sittin, kukan wasu tsuntsaye ya tashe ni a bukkar gonar da Baba yake yi wa wani Balarabe aiki a Wadi Fadima. Daga Nuzla, unguwarmu a Jidda, muka zo a bayan motar kankana, ni da Kaka Tabawa, mahaifiyar Baba. Na leƙa, sai ga su tsaye cikin karan dawa, dogaye, masu launin toka, suna tafiya a hankali kamar tsofaffi sun fito daga masallaci. Larabawa na ce musu rahu, amma Kaka ta ce gauraki ne, tukkun kawai suka baro a gida.

Aikina korar tsuntsaye ne da gwangwani, kuma na iya shi har ana kuka da ni. Amma a kan waɗannan Kaka ta hana ni ko tari. Iyali-iyali suke kiwo, uwa da uba da ɗa a tsakiya, in sun huta su haye teku zuwa yamma. Can yamman Kaka ta baro Habu, wan Baba. A ƙafa suka taho aikin hajji, Habu ya kwanta ciwo a Sudan, ayari kuma ba ya jira. Ta damƙa shi ga wasu mutane da niyyar komowa bayan Arfa, komawar da ba ta yiwu ba. Ba ta cika zancensa ba, amma kowa a gidan ya san da shi take kwana.

A shekarar nan aka samu ɗan gauraka mai ɗingishi. Garken ya tashi, iyayensa suka tsaya. Baba ya ce, “Yalla Inna, mu tafi, mota za ta koma Jidda.” Ta ce halas, wato magana ta ƙare, ba inda za ta sai ta ga abin da uwar za ta yi. Kullum da hantsi tana bakin kwalbatin ruwa da tasbaha, ni ina gefe ina cin ɗanyen dabino, haushi na cina don na ƙosa in koma wasan 'yar gala-gala da ƙawayena.

Rannan iyayen suka tashi. Uwar ta kewayo gonar tana kira, ta sake kewayowa, ɗan na ta ƙoƙari ya kasa, sannan ta miƙe yamma. Kaka ta riƙe hannuna har ya yi zafi. “Kin gani, ya binti? Ta waiwayo,” in ji ta. “Ni ma wallahi na waiwayo.”

Yau rijiyoyin wajen sun ƙafe, gine-gine sun cinye gonar, jikokina ma da ƙyar suke mayar mini da Hausa. Kaka ta rasu ba ta ga Habu ba, mu ma ba mu taɓa jin labarinsa ba. Ina kewarta ƙwarai, kuma da na san inda yake, da na je na faɗa masa cewa ta waiwayo.