Fuskar Umma a Kan Hauren Giwa

Wata Asabar cikin hunturu, a tsakiyar shekarun saba'in, Baba ya sa Umma ta ɗaura atamfarta mai ruwan zuma, muka sauka wurin maƙwabciyarmu ta ƙasan bene a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa. Shekarata takwas. Arzikin man fetur ne ya kawo Baba karatun likita, don haka ya riga kowa gane cewa ciwon Umma ba na tashi ba ne. So yake a zana masa fuskarta ƙarama, abin da zai rataya a wuya.

Mai zanen wata tsohuwar Baturiya ce da muke kira Kaka. Ɗakinta kullum warin kananzir yake yi. A kan ɗan yankin hauren giwa take aiki, bai kai tafin hannuna ba, da buroshin gashin kurege mai tsinin allura. Ba shafa launi take yi ba, ɗiga shi take, ɗigo bayan ɗigo, tana riƙe numfashi. Ta ce kafin zuwan kyamara, da irin wannan matafiya ke tafiya da fuskokin matansu.

Idanu take son farawa da su, Umma kuwa ta sunkuyar da kai. Sai Kaka ta yi dabara irin tasu, ta tsayar da ni a bayan kujerarta, ta ce Baba ya fassara: "Ki dubi 'yarki kawai." Ni kuwa 'yar fari ce. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "yarinyar nan", balle ta ƙura mini ido gaban miji da baƙuwa. Da ƙanena aka tsayar, da ta duba. Baba ya sani sarai, amma nauyin tsohuwar ya hana shi gyara mata. Na yi gwalo, na kumbura kumatu, har da 'yar rawa. Bakin Umma ya motsa, kanta bai ɗago ba. Na ji haushinta ranar, ba kaɗan ba.

Ba a yi zama na biyu ba, asibiti ya riga mu. Kaka ta ƙarasa da abin da ta gani, fatar ido a rufe da gashin ido siriri.

Yanzu 'yata a unguwar Plumstead kiran sunan ɗanta na fari take tun daga bakin titi, wayarta cike da hotunansa. Ni kuma nakan ɗauko ɗan zanen nan in kai shi bakin taga. Na san Umma tana sona. Amma har yau na kasa tuna yadda idanunta suke.