Layu Biyu Cikin Iyakwandishan

Jama'a, ku ji abin da aka tarar cikin iyakwandishan ɗina yau.

Damina ta wuce, na kira Bulus mai gyara daga Sabon Gari ya wanke shi kafin ɗari. Yana cire murfin ya ja da baya.

"Maigida, zo ka gani."

Layu biyu, ɗaure da jan zare!

Na rafka salati. Gwamnatin soja na ta korar ma'aikata, ga masu hangen kujerata a ofis.

Mahaifiyata ta ji salatina ta leƙo. "Mi ya faru? Ni na sa, kada sanyin wanga abu ya kama ka."

Na fara dariya. Sai ta dubi layun, ta ɗaure fuska.

"Amma guda na sa."